Yadda Ake Ratsa Peru da Bolibiya da Jakar Goyo Ba Tare da Aljihu Ya Huje Ba

Kudancin Amurka nahiya ce mai faɗi, Burazil kaɗai ta ninka Najeriya sau tara, saboda haka duk wanda ya ce zai zagaye ta a hutu ɗaya kuɗin jirgi za su gama da shi. Mai ƙaramin ƙarfi hanya ɗaya yake zaɓa ya bi ta a ƙasa. Hanyar da nake ba da shawara ita ce wadda ta tashi daga Lima a bakin teku, ta hau Arequipa, ta kai Cusco da Machu Picchu, tsohon birnin daular Inka da ke kan tsauni, ta bi ta tafkin Titicaca ta shiga La Paz, ta ƙare a filin gishiri na Uyuni. Mako huɗu zuwa biyar sun ishe ta. A kanta akwai manyan birane, akwai tsaunukan Andes, kuma Peru da Bolibiya na cikin ƙasashen da suka fi arha a nahiyar. Abin da ke cinye kuɗin matafiyi a wannan hanya gaggawa ce, kuma ita ce ke kwantar da shi rashin lafiya. Mai sauri shi ke hawa jirgi daga Lima ya dira Cusco cikin awa ɗaya da rabi, ya biya da tsada, ya wayi gari kansa na sarawa. Mai haƙuri yana bin motar safa da dare, ya huta da kuɗin masauki, jikinsa kuma ya saba da tudu sannu a hankali.

Mataki na 1: Ka san jininka kafin ka sayi tikiti

Wannan ya riga biza, ya riga komai. Tsauni mafi tsawo a Najeriya, Chappal Waddi da ke jihar Taraba, mita 2,419 ne daga doron teku. Machu Picchu, wanda a wannan tafiya wuri ne mai kwari, mita 2,430 ne. Cusco mita 3,400, tafkin Titicaca 3,812, El Alto da ke saman La Paz ya haura 4,000. Jos da muke kira gari mai tudu mita 1,200 ne da 'yan kai. A irin wancan tsawo iska ba ta da kauri, kowane numfashi oksijin ɗin da yake kawowa jiki bai kai na gida ba.

Ga mutanenmu akwai ƙarin magana. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da jinin AS. A gida mai AS lafiyarsa ƙalau, amma likitoci sun daɗe da sanin cewa a tudu mai tsawo jininsa na iya toshe jijiyoyin saifa, abin da ke zuwa da matsanancin ciwo a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Ka je a gwada jininka idan ba ka sani ba. In AS ne, ka zauna da likita ku yi magana, ka hau a hankali fiye da kowa, ka sha ruwa sosai, ka bar hawan duwatsun da suka haura mita 4,500. In ciwon ya zo maka a can, ka faɗa wa likitan cewa kana da wannan jini, domin ba lallai tunaninsa ya kai can ba. Mai sikila, wato SS, wannan hanya ba tasa ba ce, bakin tekun Peru ya fi masa. Mai ciwon zuciya ko na huhu, da mace mai juna biyu, su ma sai da izinin likita.

A zaman nan ka tambayi likitan maganin acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox, shi ake sha don rage wahalar tudu. Sannan ka tabbata katin rigakafin shawara yana hannunka, allurar kuma ta kwana 10 kafin ranar tashi. Inshorar lafiya ta tafiya kada ka tsallake ta, kuma ka karanta ka ga iyakar tsawon tudun da ta yarda da shi, don wasu suna tsayawa a mita 3,000.

Mataki na 2: Biza da jirgi

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Peru, yana buƙatar ta Bolibiya. Peru na da ofishin jakadanci a Accra. Bolibiya ta kasa ƙasashen duniya gida uku: waɗanda ke shiga ba biza, waɗanda ake ba su cikin sauƙi, da waɗanda sai an nemi izini daga hukumar shige da fice a La Paz. Ka duba gidan da fasfonka yake ciki tun wata uku kafin tafiya, kada ka je bakin iyaka da fatan za a buga maka a can. Takardun da ake nema kusan iri ɗaya ne: fasfo mai sauran wata shida, hoto, bayanan banki, shaidar wurin aiki ko kasuwanci, tikitin komawa, da wuraren kwana. Ka kama masaukan da ake iya sokewa kyauta, ka buga takardun a kan takarda, kada ka dogara da waya.

Wajen jirgi, tarkon yana wurin da za ka yada zango. Ɗan Najeriya da ɗan Ghana ko filin jirgi kawai za su ratsa a ƙasashen Turai masu bizar haɗaka ta Schengen sai da bizar wucewa, sai dai in suna da wata biza mai rai irin ta Amurka ko Kanada. Amurka ita ma ba a ratsa ta sai da biza. Hanyoyin da suka kauce wa wannan su ne ta Addis Ababa da Ethiopian Airlines, ko ta Istanbul da Turkish Airlines, duka suna sauka São Paulo a Burazil, daga nan a kama jirgin Lima. Ka sayi tikiti ɗaya tun daga gida har Lima, domin in biyu ne sai ka fita ka ɗauko kaya, fita kuwa tana nufin bizar Burazil. Ka nemi tikitin da zai sauke ka a Lima amma ka dawo daga Santa Cruz ko La Paz. Ya kan ɗara na je-ka-ka-dawo kaɗan, sai dai ya raba ka da kwana biyu a mota da kuma neman bizar Peru mai shiga sau biyu.

Kuɗin jirgi shi ne kaso mafi girma na duk tafiyar. Da zarar ka sauka, dala 30 zuwa 40 a rana suna riƙe mai tsimi, ban da kuɗin Machu Picchu da na Uyuni da za ka ware daban.

Mataki na 3: Lokaci

Rani a Andes daga Mayu ne zuwa Satumba: sama garau, rana mai zafi, dare mai sanyin da ruwa ke daskarewa. Damina daga Disamba zuwa Maris, lokacin da ƙasa ke zaftarewa ta rufe hanyoyi. Mayu da Satumba su ne daidai, ba cunkoso sosai, farashi bai tashi ba. Ka kauce wa Cusco a makon 24 ga Yuni, ranar bikin Inti Raymi, in ba don shi ka je ba, kuma ka sani kuɗin mota na tashi a duk Peru wajen 28 ga Yuli, ranar samun 'yancinsu.

Mataki na 4: Abin da ke shiga jaka

Jakar goyo mai cin lita 40 zuwa 50, da ƙarama ta rana. In ta haura kilo 12, ka cire wani abu. Sanyin can da kaya kashi-kashi ake yaƙarsa: 'yar ciki mai ɗumi, suwaita, jaket mai tare iska da ruwa. Da rana ka cire, da yamma ka ƙara. Hular sanyi, safar hannu da suwaita ka bari sai can, kasuwannin Cusco da La Paz sun cika da su kuma sun fi arha. Takalmi kuwa daga gida, wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Ka haɗa da tocila, kwaɗo don akwatin masauki, tabarau na rana, man kaɗe saboda tsagewar leɓe, da ƙaramar gora da za ta zame maka buta, don banɗakunansu takarda kawai suka sani, ita ma a kwando ake jefa ta ba a masai ba. Wutarsu 220 ce kamar tamu, amma bakin soket ɗin daban ne, mai ƙafa biyu, sai ka riƙe adafta.

Kilishi, dambun nama da ɗanyen goro su zauna a gida. Jami'an kula da tsirrai da dabbobi suna ƙwace irinsu a filin jirgi, wani lokaci har da tara.

Kuɗi: ka riƙe dala a hannu, sababbi, marasa yagewa ko rubutu, domin 'yan canjin Peru na mayar da takardar da ta ɗan tsage. Ka haɗa da katin asusun dala, ka gwada shi kafin ka tashi. Ka raba kuɗin gida uku, ɗaya a jikinka ƙarƙashin riga. Sannan ka koyi Sifaniyanci ko na ciniki ne. Lambobi daga ɗaya zuwa ɗari, da cuánto cuesta don tambayar farashi, da sin chancho, wato ban da alade, za su cece ka fiye da kowace manhaja, domin a tasha da kasuwa da wuya ka sami mai jin Turanci.

Mataki na 5: Lima, kwana biyu ko uku

Filin jirgin Jorge Chávez yana Callao. Kada ka bi masu kiran "taxi" a bakin ƙofa, ka yi amfani da motar filin jirgi ko manhaja irin Uber ko Cabify. Masaukan haɗaka, inda ake kwana mutum shida ko takwas a ɗaki kan gadaje masu hawa biyu, sun fi yawa a Miraflores da Barranco. Akwai masu ɗakin mata zalla, 'yar'uwa mai tafiya ta nemi wannan. Ka karanta abin da mutane suka rubuta kafin ka kama, don wasu masaukan gidan rawa ne da mashaya, ba barci sai asuba. Ka zaɓi mai kicin.

Ka sayi layin waya na Claro ko Entel da fasfonka, ka hau bas ɗin Metropolitano zuwa tsohon gari, wanda Francisco Pizarro ya kafa a 1535, ka ga Plaza Mayor. Akwai masallaci a unguwar Magdalena del Mar, in Juma'a ta same ka a Lima. Bayan nan masallatai sai a hankali, saboda haka ka nemi malami tun a gida ya warware maka hukuncin kasaru da taimama da shafa a kan huffi, don ruwan asuba a mita 4,000 ba wasa ba ne. Alƙibla daga can gabas ce, da ɗan karkata arewa. Agogon Peru yana bayan na Najeriya da Nijar da awa shida, na Bolibiya da awa biyar.

A nan za ka koyi dabarar cin abinci da za ta riƙe ka har ƙarshe. Daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana ƙananan gidajen abinci da kasuwanni suna sayar da menú: miya, babban faranti, da abin sha, a kan sol 8 zuwa 15, sol kuwa shi ne kuɗin Peru. Dala ɗaya sol uku ce da 'yan kai. Ka mai da shi babban abincinka, da dare ka dafa ƙwai ko taliya a masauki. Naman halal da wuya ne a wajen Lima, amma kifi ya wadata: ceviche a bakin teku, trucha a kan tudu. Ga miyar quinoa, ga masara da cuku, ga papa a la huancaína. Kalmomin gudu su ne chancho, cerdo, chicharrón, jamón, tocino da manteca, wannan na ƙarshe kitsen alade ne da ake suya da shi. Chicha morada ruwan baƙar masara ne mai zaƙi, ba ya bugarwa, chicha de jora kuwa giya ce, haka pisco. Kasuwar ba za ta yi maka baƙunci sosai ba, domin rogo da gyaɗa da dankalin turawa duk daga wannan nahiya suka zo mana, har Bolibiya na da miyar gyaɗarta, sopa de maní, sai dai ka tambayi naman da ke ciki. Ruwan famfo kada ka sha, ka sayi babbar gora ko ka tafasa.

Mataki na 6: Motar dare zuwa Arequipa

Kamfanoni irin Cruz del Sur, Oltursa da Civa suna da motoci masu hawa biyu. Kujera iri biyu ce, semi-cama mai kishingiɗa, da cama mai kusan kwanciya. A tafiyar da ta haura awa goma ka biya cama, ai kuɗin masauki ka riga ka tsira da su. Wannan wuri ne da ba na son a yi rowa: motar da ta fi kowa arha, mai tsaye-tsaye tana kwasar fasinja a hanya cikin dare, ita ce aka fi yin sata a cikinta, kuma direbanta ɗaya ne a kan hanyoyi masu lanƙwasa a gefen rami. Babbar jaka tana shiga but a ba ka lamba, ƙarama mai fasfo da kuɗi tana kan cinyarka, ba a sama ba, ba a ƙarƙashin kujera ba. Yawancin tashoshi suna karɓar ɗan kuɗin shiga na sol ɗaya zuwa uku, ka riƙe canji.

Lima zuwa Arequipa kamar awa 16 ne. Kana iya yanka ta a Paracas, awa huɗu daga Lima, ka shiga kwalekwale zuwa tsibiran Ballestas ka ga tsuntsayen teku da zakunan ruwa. Huacachina, ɗan tafkin nan a tsakiyar tuddan rairayi kusa da Ica, Turawa na rububinsa, amma wanda ya san hamadar Agadas zai iya wucewa bai yi asara ba.

Arequipa mita 2,335 ce, kuma saboda wannan na sa ta a hanya. Kwana biyu ko uku a nan su ne matakalar farko ga huhunka. Gari ne da aka gina da farin dutsen aman wuta, dutsen Misti mai mita 5,822 na tsaye a kansa. Daga nan ake zuwa kwazazzabon Colca a ga condor, ƙatuwar ungulun Andes, a Cruz del Cóndor. Motar haya zuwa Cabanaconde ta fi yawon kamfani arha, kuma ana sauka cikin kwazazzabon a ƙafa ba tare da ɗan jagora ba. Ka sani hanyar tana bi ta wani tudu mai kusan mita 4,900, kada ka yi ta a ranar da ka iso.

Mataki na 7: Cusco, da yadda ake zama lafiya da tudu

Awa goma ce daga Arequipa, ita ma da dare. Ciwon tudu a can soroche suke ce masa: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, rashin barci. Ba ruwansa da ƙarfin mutum, ɗan ƙwallo na iya kwanciya tsoho ya wuce. Ranar farko kada ka yi komai, ka ci abinci marar nauyi, ka sha ruwa, ka yi tafiya kamar mai jinya. Ƙa'idar likitocin tudu ita ce, bayan mita 3,000 kada wurin kwananka ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma duk mita 1,000 ka huta kwana ɗaya. In ciwon kan ya ƙi jin magani, kada ka ƙara hawa. In numfashi na yi maka wuya kana zaune, ko tari mai kumfa, ko tangaɗi da ruɗewa, wannan ruwa ne a huhu ko kumburi a ƙwaƙwalwa, yana kisa. A sauka ƙasa nan take a nemi asibiti, ko da tsakar dare ne. Daga Cusco sauka mafi kusa ita ce Urubamba da Ollantaytambo, wajen mita 2,800.

Kowane masauki zai miƙo maka shayin ganyen coca. Halal ne a dokar Peru da Bolibiya, mutanen Andes sun daɗe suna taunarsa, amma daga shi ake fitar da hodar ibilis, kuma kofi ɗaya na iya sa gwajin ƙwaya ya nuna alama na 'yan kwanaki. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya nemi shayin muña, wani ganye mai kama da na'ana'a. Abin da ba shawara a cikinsa: ko ganye ɗaya, ko alewar coca, kada ya biyo ka ƙetaren waɗannan ƙasashe biyu.

Da ka warware, ka zagaya. Dutsen nan mai kusurwa 12 a titin Hatun Rumiyoc kyauta ake ganinsa, kasuwar San Pedro nan ne wurin menú. Tikitin haɗaka da ake kira boleto turístico yana buɗe wurare 16 cikin kwana 10 a kan sol 130, har da Sacsayhuamán da Pisac da Moray da Ollantaytambo, akwai kuma na rabi a sol 70. Ba sai ka bi kamfanin yawon buɗe ido ba. Ƙananan motocin haya da ake kira colectivo suna lodi a titin Puputi zuwa Pisac, a titin Pavitos zuwa Ollantaytambo, da sun cika su tashi.

Mataki na 8: Machu Picchu ta ƙofar talaka

Birnin da sarkin Inka Pachacuti ya gina a tsakiyar ƙarni na 15, wanda Hiram Bingham ya tallata wa duniya a 1911, shi ne wuri mafi tsada a tafiyar, kuma yawancin tsadar ta jirgin ƙasa ce. Hanyar mota ba ta kai garin Aguas Calientes da ke gindinsa ba, PeruRail da Inca Rail kuwa da dala suke caji baƙi.

Da farko ka sayi tikitin shiga a shafin ma'aikatar al'adu ta Peru, makonni kafin ranar, musamman a rani. Na babban baƙo a 2025 sol 152 aka sayar da shi, yana ɗauke da sunanka da lambar fasfonka da awar shigarka. An kasa wurin hanyoyi uku, ta biyu ita ce ke ba ka sanannen hangen nan daga sama kuma ta ratsa da kai cikin gine-ginen, ita ce ke fara ƙarewa. In ka makara, ana sayar da tikiti 1,000 kullum a Aguas Calientes hannu da hannu, sai dai layi ne, yana iya cin maka kwana ɗaya ko biyu na masauki.

Sai zuwa. Da sassafe ƙananan bas suna tashi daga Cusco, su haye Abra Málaga mai mita 4,300, su gangara ta Santa María da Santa Teresa zuwa wurin da ake kira Hidroeléctrica, awa shida zuwa bakwai. Daga nan ƙafa ce, kilomita 10 a gefen layin dogo, shimfiɗaɗɗiyar hanya cikin daji kusa da kogin Urubamba, awa biyu da rabi zuwa uku. Ka bar babbar jakarka a masaukin Cusco, suna ajiyewa kyauta. Ka sa dogon wando da maganin shafawa, akwai wasu ƙananan ƙudaje masu cizon da ke ƙaiƙayi mako guda. Ka kwana a Aguas Calientes, ka zo da guzurinka don komai na garin ninki ne. Da asuba ko ka biya dala 12 bas ta hau da kai, ko ka taka matakalar dutse awa ɗaya da rabi. Ni ina ganin a hau da bas a sauko da ƙafa, don kada ka isa ƙofa ƙarfinka ya ƙare. Ka tsara kwana biyu a garin in aljihu ya yarda, domin motocin komawa suna barin Hidroeléctrica da misalin ƙarfe 2 zuwa 3 na rana, wanda ya shiga da hantsi sai ya yi ta gudu. A damina ka bar wannan hanya, ka biya jirgin ƙasa daga Ollantaytambo.

Mai son tafiyar kwanaki a tsauni, sananniyar hanyar Inka mutum 500 kawai ake bari a rana har da 'yan dako, sai ta hannun kamfani, ana rufe ta duk Fabrairu, kuma tana da tsada. Ta Salkantay kwana huɗu ce ko biyar, tana haye mita 4,600, ba ta buƙatar wancan izini, akwai wuraren kwana da abinci a ƙauyukan hanya, kuma tana ɓullewa Hidroeléctrica ɗin nan. In ta kamfani za ka bi, ka yi ciniki a ofisoshin Cusco, farashin intanet ya kan ninka. Dutsen Vinicunca mai launi-launi ya haura mita 5,000, ka bar shi sai ƙarshen zamanka.

Mataki na 9: Titicaca da ƙetare iyaka

Cusco zuwa Puno awa bakwai zuwa takwas. Tsibiran Uros, waɗanda aka saƙa da ciyawar ruwa mai suna totora suna yawo a kan tafki, abin gani ne na rabin yini, ko da yake ciniki ya yi musu yawa. Kwana a gidan mutanen tsibirin Amantaní ya fi daɗi kuma kuɗin na shiga hannunsu. Daga Puno ka kama motar Copacabana ta iyakar Kasani, da rana. Ka sauka a buga maka hatimin fita na Peru, ka taka ƙafa, a buga na shiga Bolibiya, ka duba kwanakin da aka ba ka kafin ka bar tagar. Mai fasfon Afirka ya kan daɗe a gaban jami'i fiye da sauran fasinjoji, don haka ka gaya wa yaron mota, ka kuma kasance na farko a layi da takardunka a hannu. Daga Copacabana akwai kwalekwale zuwa Isla del Sol. A hanyar La Paz, a mashigin Tiquina, za a sauke ku ku haye a ƙaramin jirgin ruwa, motar kuma a ɗora ta kan wani faffaɗan kwalekwale. Ka riƙe ƙaramar jakarka, ka haddace launin motarku.

Mataki na 10: La Paz da Uyuni

Tun 2023 dala ta yi ƙaranci a Bolibiya, aka sami farashin gwamnati da na kasuwa, abin da duk wanda ya taɓa canji a Wapa ba sai an yi masa bayani ba. Ka tambayi farashin ranar a masauki, ka canza a shagon canji mai rajista, kaɗan-kaɗan, ka ƙirga a gabansu.

La Paz a cikin kwari take, gidaje sun hau bango ta kowane gefe, dutsen Illimani mai ƙanƙara na leƙo ta. Hanya mafi arha ta ganin ta ita ce Mi Teleférico, kekunan sama masu tafiya a kan igiya da aka buɗe a 2014, layi 10, kuɗin hawa 'yan boliviano kaɗan, wato kuɗin ƙasar. Ka hau jan layi zuwa El Alto ranar Alhamis ko Lahadi, ranar kasuwar 16 de Julio, inda ake sayar da komai daga allura har mota, hannunka a kan aljihu. Da safe ka nemi api, kunun masara mai zafi, da soyayyen pastel mai cuku. Wata damfara da aka sani a garin ita ce ta ɗan sandan bogi cikin farin kaya, ya ce ka shiga mota a duba takardunka ko kuɗinka. Kada ka shiga motar kowa, ka ce a je ofis a ƙafa ko ka koma masauki. Za a kalle ka, yara ma su nemi hoto, yawanci mamaki ne kawai. Ƙasar na da baƙaƙen fata nata, a yankin Yungas wajen Coroico, jikokin bayin da Sifaniyawa suka kawo.

Toshe hanya, bloqueo, al'adar zanga-zanga ce a Bolibiya da kudancin Peru, mota na iya kwana biyu a tsaye. Saboda haka ka bar rarar kwana uku kafin jirgin komawarka, kuma kowace doguwar tafiya ka shiga da ruwa da abinci.

Motar dare tana kai ka Uyuni cikin awa tara zuwa goma, ka iso da asuba cikin sanyi mai ratsa ƙashi. Filin gishirin ya haura murabba'in kilomita 10,000, a tsawon mita 3,656. A nan dole ka bi kamfani, mutum shida a Land Cruiser ɗaya. Ka yi cinikin a garin Uyuni, ka zaga ofis uku ko huɗu, ka tambayi abin da kuɗin ya ƙunsa, ka ce a ba ka abinci marar nama, ka nemi jakar barci, ka kuma tambayi waɗanda suka dawo jiya halin direbansu, musamman batun shan giya. Yawon yini ɗaya yana kai ka maƙabartar jiragen ƙasa, ƙauyen Colchani da tsibirin Incahuasi mai dogayen cactus, kuma ga mai ƙaramin aljihu ya wadatar. Na kwana uku yana nausawa kudu zuwa Laguna Colorada, jan tafki mai tsuntsayen flamingo, da maɓuɓɓugan tururi a kusan mita 4,900. Kuɗin shiga Incahuasi da gandun Eduardo Avaroa daban ake biya, da boliviano a hannu, ba kati. Yawancin Turawan motar za su zarce San Pedro de Atacama a ƙasar Chile, kai in ba ka da bizarta ka faɗa tun farko cewa Uyuni za ka dawo. Tabarau dole ne, hasken gishirin na ƙona ido.

Mataki na 11: Gangarowa da komawa gida

Daga Uyuni awa huɗu ce zuwa Potosí, garin dutsen azurfa na Cerro Rico da Sifaniyawa suka fara haƙa a 1545, sai awa uku zuwa Sucre, babban birnin ƙasar a tsarin mulki, mita 2,800, inda numfashi ke dawowa daidai kuma masauki ke da arha. Daga Sucre motar dare ko gajeren jirgi zai kai ka Santa Cruz, filin jirgin Viru Viru, inda ake tashi zuwa São Paulo.

Daren ƙarshe ka zazzage jakarka gaba ɗaya, ka duba kowane aljihu, ka fitar da duk wani ganye ko shayi ko alewa da aka ba ka a hanya, ka shirya ta da hannunka ka sa kwaɗo. Kada ka karɓi saƙon kowa, ko ɗan gari ne ya ce takalmi ne zai aika wa mahaifiyarsa. Jiragen da suka fito daga São Paulo ana bincikensu sosai, a can da kuma a Legas da Abuja, inda jami'an NDLEA ke jira. Ka ajiye rasit ɗin masaukai da tikitin Machu Picchu da hotunanka a kusa, su ne amsarka idan aka tambaye ka me ka je yi. Ragowar boliviano kuma ka kashe su ko ka canza kafin ka tashi, don ba mai karɓarsu a gida.